Majigin Kawu Mai Labule

Tun ranar da Kawu mai shagon labule ya dawo daga birnin bakin teku, babu wanda ya sake samun damar ƙarasa magana a layinsu. In ka ce ana zafi, sai ya ce ai ba ka ga zafin can ba. In ka ce motar haya ta makara, sai ya yi maka murmushin tausayi ya ce a can jirgin ƙasa ne ke jiran mutum. Mai aski, wanda shagonsa ke manne da na Kawu, ya rantse cewa har atishawar mutumin ta canza, ta koma irin ta waɗanda suka ga duniya.

Abin da ya kai shi birnin kuwa rakiya ce kawai. 'Yar yayarsa, wadda duk layin ke kira Injiniya tun tana ƙarama saboda yawan kwance rediyon gida, ta ci jarrabawa ta samu gurbin karatun gina gadoji a jami'ar can. Mahaifinta ya rasu, kuma a gidansu maganar Inna, mahaifiyar Kawu, ita ce ta ƙarshe. Inna ta ce ba za ta amince ba, ba kuma za ta hana ba, sai namiji ya je ya gano mata wurin da idonsa. Kawu ya sayi kyamara, ya sayi faffaɗar hular rana da jaka mai aljihu barkatai, ya sa yarinyar gaba suka tafi. Bayan 'yan kwanaki suka dawo, ita ta rame, shi kuwa ya ƙara faɗi.

A hanyar dawowa ne dabarar ta faɗo masa. Birnin ya shiga ransa, awon labule kuma ya daɗe da gundurarsa. Idan Inna ta yarda cewa wurin yana da haɗari, amma haɗarin da jarumi ɗaya zai iya tarewa, to babu shakka za ta ce ya bi yarinyar ya zauna can har ta gama karatu. Har ya hango kansa a bakin ruwa, hula a ka, baƙi suna tambayarsa hanya. Abin da ya rage kawai shi ne hujja, hujja kuwa tana cikin kyamara.

"To wa zai riƙe shagon?" in ji matarsa, da ya faɗa mata.

"Ke mana."

"Au, ashe ba abin da zai canza," ta ce, ta ci gaba da ninke yadi.

Kawu bai tsaya neman ma'anar maganar ba. Ya wuce wurin mai gyaran waya da ke tsallaken titi, ya aro majigi da kwamfuta, ya kuma aro mai gyaran wayar kansa don ya haɗa kayan. Mutumin ya ce ya kamata su fara buɗe hotunan su duba kafin a tara jama'a.

"A duba me? Ni na saita kyamarar da hannuna," in ji Kawu. "Kai dai ka haɗa waya da waya, sauran aikin na masana ne."

Injiniya ma ta same shi yana jera kujeru. "Kawu, akwai wata magana game da hotunan nan."

"Ke 'yar nan, ni za ki koya wa kyamara? Naki aikin danna maɓalli ne, kin danna, Allah ya yi miki albarka. Jeki ki taho da Inna."

Ta juya ta tafi.

Da yake Inna ba ta fita in rana ta faɗi, da tsakar rana aka sa taron. Majigi kuwa yana son duhu. Wannan bai dami Kawu ba, domin duhu ai sana'arsa ce. Ya sauko da labulen da suka fi kowanne kauri a shagon, irin waɗanda ake yi wa manyan ɗakunan taro, ya toshe ƙofa da tagogi har sai da iska ta rasa ta inda za ta shiga. Mutanen layi suka cika shagon: mai aski, mai kantin magani, matan bene na sama, da duk wanda ya gaji da jin labari yake son ya gani da ido. Aka zaunar da Inna a gaba kan kujera mai hannu. Injiniya ta tsaya can baya kusa da ƙofa, ta naɗe hannuwa. Makomarta za a yanke a ɗakin, kuma a duk wanda ke ciki ita kaɗai ce ba a tanadar wa kujera ba.

Farin ƙyalle ake haska majigi a kai, amma Kawu ya ce fuskarsa ba za ta hau arahar yadi ba. Ya rataya labulen da ya fi tsada, mai manyan jajayen furanni. Hoton farko ya fito: ga Kawu a tashar jirgi, hannu a ƙugu, da wani jan fure dangwale a kan hancinsa, wani kuma ya cinye masa ido ɗaya.

"Subhanallahi," in ji mai aski. "Wannan ƙurjin a can ka kwaso shi?"

"Yana da magani," in ji mai kantin magani. "Amma ya daɗe bai zo ba."

Aka sauke furanni aka rataya farin yadi. Sai fanka ta shiga kaɗa yadin, cikin Kawu na hoto ya riƙa kumbura yana sacewa kamar mai numfashi. Yaran matan bene suka fara dariya. Kawu ya ba da umarni a kashe fanka. Cikin ɗan lokaci zufa ta fara tsiyaya daga kowace haɓa, Inna ta zari kwalin samfurin yadi tana fifita.

Kawu ya ɗauki sandar awo ya tsaya gefen yadin, ya gyara murya.

"Wannan ni ne a gaban jami'ar."

Inna ta ƙanƙance ido. "Ina jami'ar?"

"Tana bayana, Inna."

"To matsa mana in gani."

"Hoto ne, Inna, ba ya matsawa."

"Ka je har can ka tare mini makaranta da cikinka?"

Hoto na gaba, Kawu ne a bakin teku. Da aka nemi tekun, sai ya nuna wani ɗan shuɗi tsakanin kunnensa da hularsa. Na gaba, Kawu ne a gaban wata gada da ya ce babu irinta a duniya, kuma dole aka yarda da shi, tun da ƙafarta ɗaya kawai ta leƙo ta ƙarƙashin hammatarsa. A kowane hoto akwai wata 'yar farar alama mai kusurwa uku zaune daidai kan cibiyarsa. Wata daga matan bene ta tambaya ko laya ce.

"Tambarin kamfanin kyamara ne," in ji Kawu. "Manyan kyamarori ne kaɗai ke sa shi."

Mai gyaran waya ya ɗaga yatsa. Kawu ya nuna shi da sandar awo, yatsan ya koma.

Daga nan ya shiga ainihin aikin da ya tara mutane dominsa. Ya rage murya. Ya ce kada kyan birnin ya ruɗe su. A can akwai matakalar ƙarfe mai tafiya da kanta, tana da haƙora a ƙarshenta, kuma ba ta bambanta takalmi da ƙafa. Akwai ƙofar gilashi mai juyawa, wadda in ta kama baƙo sai ta ga dama take sakinsa. Jirgin ƙasa a ƙarƙashin ƙasa yake bi, cikin rami, in ka shiga wanda ba naka ba sai dai danginka su ji labari. Tsuntsayen birnin ba sa tsoron mutum, a rundunarsu suke kai hari. Teku kuwa, ya ce gara kada ya yi magana a gaban mata.

"Sau nawa na fizgo yarinyar nan daga bakin halaka, ni kaina ban ƙirga ba," ya ce, yana share zufa da gefen hula. "Ba don ina wurin ba, Inna, da yanzu wani zancen ake yi."

Shagon ya yi tsit. Kawu ya ji daɗin shirun har cikin ƙashinsa. Ya ƙara da cewa a matakalar nan da hannu ɗaya ya ɗago ta, ɗaya hannun yana riƙe da wata tsohuwa.

Inna ta ajiye kwalin fifita a cinyarta.

"Ya isa. Na ji. Babu mai zuwa."

"Na'am?"

"Na ce babu mai zuwa. Ta nemi wani karatun a nan kusa, inda matakala ke tsayawa wuri ɗaya."

Daga bayan ɗaki muryar Injiniya ta taso, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya juya.

"Kaka, ni na yi karatun, ni na zauna jarrabawar, ni aka ba gurbin. An aiki mutum ya gano miki makaranta, ya dawo miki da hoton hularsa. Yanzu a kan hular za a yanke mini hukunci, ba a ko tambaye ni abin da na gani ba?"

"Ke, da manya kike magana," in ji wata daga matan bene.

"Na sani, Gwaggo. Shi ya sa na yi shiru tun ɗazu."

Kawu bai ji ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da yake gani kawai shi ne bakin ruwa da baƙi masu tambayar hanya suna narkewa a gabansa. Ya durƙusa kusa da kujerar Inna.

"Inna, ba haka nake nufi ba. Haɗarin akwai shi, amma ba mai yawa can ba. Wato mai yawa ne in babu namiji. In akwai namiji irina a kusa, ai wasan yara ne."

"In ba wa birnin jikata, in ƙara masa da ɗana? Ita da haƙoran matakala suka kusa cinyewa?"

"Ba su kusa ba! Ni ne ma na kusa... Tsaya ki gani da idonki." Ya ture mai gyaran waya daga gaban kwamfuta, ya lalubo hoton da ya fi so: shi tsaye a gindin matakalar ƙarfe, ƙirji a gaba, haɓa a sama. "Dubi fuskar nan, Inna. Wannan fuskar mai tsoro ce?"

"Ni ba na ganin komai sai wannan abin da ke kan cibiyarka. Cire shi."

"Yanzu kuwa."

"Kawu, kada ka danna..." in ji mai gyaran waya.

Kawu ya danna.

Alamar ta ɓace, kamar yadda ya yi alkawari. Sai Kawun da ke jikin yadi ya ƙifta ido. Ya sauke ƙirjin da ya tura gaba, cikinsa ya koma mazauninsa, muryarsa ta fito daga kwamfuta tangaran: "Kin ɗauka? Kada ki taɓa komai sai na ce. Bari in hau ki ga yadda ake yi."

"La ilaha, ya matsa!" in ji Inna. "Kai da ka ce ba ya matsawa?"

Kawun yadi ya ɗora ƙafa ɗaya a matakala. Ƙafar ta tafi, ɗayar ta zauna. Ya buɗe kamar almakashi, ya faɗi zaune, matakala ta ɗauke shi ta baya tana hawa da shi, igiyar jakarsa ta maƙale a gefe. Sai ihu ya cika shagon labule, ihun da duk layin ya san mai shi:

"Inna! Wayyo Inna! Ta kama ni!"

Hoton ya karkace, domin mai riƙe da kyamara ta sake ta tana lilo a wuyanta. Aka ga takalmanta suna gudu, aka ga hannunta ya danna wani jan maɓalli a gindin matakala, komai ya tsaya. Aka ji muryarta a natse tana ba mutane haƙuri, tana cewa, "Kawu, saki ƙarfen. Saki. Na riƙe ka."

"Ina tsohuwar da ka riƙe da ɗaya hannun?" in ji mai aski. "Ko ita ce ta yi ihun?"

"Wannan... wannan gwaji ne," in ji Kawu. "Ina nuna mata abin da ba a yi."

"Kai ka saita ta a bidiyo tun a tasha, Kawu," in ji Injiniya daga baya. "Ka ce in danna ja, kada in sake taɓawa sai ka ce ya isa. Ba ka taɓa cewa ya isa ba."

Sai kwamfuta ta wuce bidiyo na gaba da kanta. Ga Kawu a gaban ƙofar gilashi mai juyawa, yana ɗaga wa kyamara hannu. Ya shiga. Ya wuce ta gaban kyamara. Ya sake wucewa, hular ta karkace. Ya sake wucewa, babu hular. A zagaye na gaba hular ce ta wuce ita kaɗai a wani ɓangaren, shi yana binta a baya yana dukan gilashi. Yaran matan bene suka shiga yi masa sannu da zuwa duk lokacin da ya bayyana. Daga ƙarshe wani hannu ya miƙo, ya cafki igiyar jakarsa, ya fizgo shi waje kamar an zaro tufa daga bokiti.

Kawu na gaske ya afka wa kwamfuta yana danna duk abin da yatsansa ya samu. Abin da ya samu shi ne ƙarin sauti. Hoton tantabaru ya zo da ƙara kamar saukar ruwan sama a kan kwano: Kawu ya sayi tsabar ciyar da tsuntsaye, ya ƙi watsawa a ƙasa kamar kowa, ya zuba a kan faffaɗar hularsa don hoton ya fi kyau. Abin da aka gani bayan haka tarin fukafukai ne mai ƙafafu biyu yana gudu a fili, yana kiran sunan Allah.

"Rundunar ke nan," in ji mai kantin magani, yana share hawaye. "Gaskiya ba su da imani."

"A kashe! Ku kashe abin nan!"

"Ka ce sauran aikin na masana ne," in ji mai gyaran waya, ya koma ya jingina da bango.

Na tashar ƙarƙashin ƙasa ya biyo. Aka ji Injiniya tana cewa, "Kawu, ba wannan ba ne namu." Aka ji shi yana cewa, "Ni za ki koya wa jirgi?" Ya shiga, ya juyo zai yi mata alamar ta biyo shi, ƙofa ta rufe. Fuskarsa ta manne da gilashi, hanci a baje, jirgi ya ja shi cikin rami. Kyamara ta juya, ta nufi wani ma'aikacin tasha, muryar yarinyar ta fito ba rawa ba gargada: "Don Allah ku sanar da tasha ta gaba su riƙe mini kawuna. Yana sanye da babbar hula. Zai ce muku ya san hanya, kada ku yarda."

Matar Kawu ta kifa kai a kan teburin yanka, dariya ta ci ƙarfinta.

Kawu ya ga babu sauran dabara sai ta ƙarfi. Ya damƙi wayar wuta ya fizge ta daga bango. Majigi ya mutu, shagon ya koma baƙi ƙirin. Amma kwamfuta tana da batirinta, kuma ba ta san an daina ba, ta wuce bidiyo na gaba. Cikin duhun, sama da ƙarar injin jirgin ruwa, muryar Kawu ta ci gaba da fita da iyakar ƙarfinta: "Ki ce wa direban ya tsaya in sauka! Na fasa! 'Yar nan, ki riƙe hannuna, kada ki gaya wa kowa!"

Ya juya zai bi sautin ya murƙushe shi, ƙafarsa ta harɗe da wayar da ya fizge. Ya kai hannu neman abin kamawa, ya samu labulen ƙofa. Labulen ya riƙe shi na ɗan lokaci, sannan sandar ƙarfen da ke riƙe da shi ta baro bango da ƙusoshinta, ta jawo na tagogi suka biyo ta. Hasken rana ya faɗo cikin shagon gaba ɗaya. A waje, titi cike yake da mutanen da ihun ya tara: masu wucewa, direbobin haya, yaran makaranta, har da wani da ya zo da bokitin ruwa yana zaton gobara ce. Abin da suka gani shi ne tulin labule mai kauri a bakin ƙofa, yana motsi, ƙafa ɗaya ba takalmi ta leƙo daga ƙarƙashinsa.

Injiniya ta tako a hankali, ta rufe kwamfuta. Sannan ta tsuguna ta fara warware yadin, ninki bayan ninki, da ƙwarewar wadda ta saba. "Kawu, saki ƙarfen," ta ce. "Saki."

Da kansa ya fito daga cikin yadin, bai dubi kowa ba. Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba a duk ɗakin. Ta daɗe tana kallon jikarta, kamar yau ta fara ganinta.

"Zo nan, ƙawata. Makarantar, kin shiga cikinta?"

"Na shiga, Kaka. Na ga ɗakin kwanan ɗalibai, na gaisa da matar da ke kula da shi, na ga ajin da za mu zauna. Kawu yana waje yana neman hularsa."

"Hanyar daga tasha zuwa can, kin riƙe ta?"

"Na riƙe."

"To jeki ki fara haɗa kayanki."

Matan bene suka ɗauki guɗa. Kawu, wanda har yanzu rabin labule ke kafaɗarsa, ya ga wata 'yar ƙofa ta rage a buɗe, ya rarrafa ya nufe ta.

"Inna, ni fa? Ai ko don saboda sabo da wurin, ya kamata a ce wani babba..."

Inna ba ta dube shi ba. Ta riƙo hannun Injiniya.

"Ƙawata, a makarantar taku, ana barin ɗaliba ta zo da ɗan reno?"

"Ba a bari, Kaka."

"To ka ji da kunnenka," in ji Inna. "Tashi ka mayar wa matarka da labulenta."